Faifan Kaani na Ƙungiyar Tal National a Ma'aunin Waƙar Baka ta Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da garmaho ya shigo ƙasar Hausa waƙa ta sami gida na biyu bayan bakin mai ita. Da can waƙa ba ta da mazauni sai fagen da aka yi ta, watau ƙofar fada, ko gonar gayya, ko dandalin dambe, ko gidan biki. In taro ya watse ita ma ta watse, sai fa abin da ya maƙale a zukatan waɗanda suka ji. Da faifai ya zo sai ya kama waƙa ya ɗaure ta, ya yanka mata farko da ƙarshe, ya sa mata suna da farashi, ya kai ta garuruwan da mai ita bai taɓa takawa ba. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, kuma har yanzu nazarin waƙar baka bai gama lissafin ribarsa da hasararsa ba.

Wannan maƙala za ta dubi faifai guda ɗaya, watau Kaani, wanda ƙungiyar makaɗan jita ta birnin Yamai mai suna Tal National ta yi, kamfanin FatCat na Ingila kuma ya fitar da shi kasuwar duniya a shekarar 2013. Za a bi yadda aka yi shi da yadda aka fitar da shi, sa'an nan a auna shi da kunnen mutumin da ya tashi cikin waƙoƙin ƙasar Gwandu, alal misali mutumin Kambaza. Za a kuma ɗan leƙa ƙasar Japan, domin makaɗan can sun taɓa yin muhawara a kan tambayar da wannan faifai ya tayar. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, Kaani ya ci nasara da ya ƙi sayar da harsunan gida don neman kasuwar waje, amma yadda aka tsara shi ya sa kiɗa ya hau kan magana, alhali kuwa a al'adar Bahaushe magana ita ce uwar waƙa.

2.0 Ƙungiyar da Yadda Aka Yi Faifan

An kafa Tal National a Yamai a shekarar 2000. Wanda ya kafa ta shi ne Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, makaɗin jita, wanda ya taɓa zama ɗan wasan ƙwallon ƙafa, ya kuma yi aikin shari'a a kotu. 'Yan ƙungiyar sun fito daga al'ummomin Nijar dabam-dabam, akwai Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, kuma waƙoƙinsu na tafiya ne cikin harsunan waɗannan al'ummomi. Da yawa daga cikin waƙoƙin tsofaffi ne na gargajiya aka ɗauko aka sake musu riga, wasu kuwa sababbi ne.

A shekarun da ake magana a kansu, sana'ar ƙungiyar ita ce wasa a gaban jama'a. Sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare kuwa wajen awa biyar. Saboda yawan gayyata sai suka tara makaɗa fiye da waɗanda dandali ɗaya ke bukata, yadda in wani ya gaji wani zai karɓe shi, in kuma an gayyace su wuri biyu a dare ɗaya sai su rabu gida biyu. Fayafayansu na farko kuwa da hannunsu suke sayarwa a shataletalen birnin, don babu wani kamfani mai rarraba su. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin yana nuna cewa a fage ƙungiyar ta girma, ba a ɗakin ɗaukar murya ba. Ta wannan fuska sun fi kusa da makaɗan baka na Hausa bisa ga ƙungiyoyin kiɗan rok na Turai, waɗanda sau da yawa faifai ne ginshiƙin aikinsu, wasan fage kuma talla ce ga faifan.

Wanda ya ɗauki Kaani wani injiniyan sauti ne daga birnin Shikago na Amurka mai suna Jamie Carter. Ya riga ya yi aiki da ƙungiyar a faifan da ya gabata, sa'an nan ya komo Yamai a 2011 da kayan aikinsa a hannu, aka ɗauki waƙoƙin cikin kimanin mako biyu. Ba a kwashi makaɗan an kai su Turai ba, na'ura ce ta zo ta same su a gida. FatCat, wanda mazauninsa ke Brighton, ya fitar da faifan a watan Satumba na 2013, ɗauke da waƙoƙi takwas. Ya sami karɓuwa a wajen masu sharhi, har jaridar New York Times ta sa shi cikin fitattun fayafayan shekarar. Bayansa kamfanin ya fitar musu da Zoy Zoy a 2015, da kuma Tantabara a 2018.

3.0 Dalilin Aunawa da Kunnen Kambaza

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa Kambaza, gari a ƙaramar hukumar Gwandu ta Jihar Kabi, da faifan da aka ɗauka a Yamai aka buga a Ingila? Amsar tana cikin tarihi. Bayan jihadi, sa'ad da aka raba kula da daula a 1812, yammacinta ya faɗa hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Gwandu kuma ta zama cibiyar wannan sashe. Ikonta ya miƙa kudu zuwa Nufe da Ilori, ya kuma miƙa yamma ta wajen Say har Liptako. Da Kabawa suka yi bore a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, abokan ƙawancensu su ne Zabarmawa da Arawa da Dandawa. Ke nan ko da zumunci ko da yaƙi, mutanen Gwandu da Kalgo da Argungu sun daɗe suna cuɗanya da mutanen Doso da Gaya da Dogon Dutse. Iyakar da ta raba su a yau Ingila da Faransa suka shata ta da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba ta kuwa hana fatauci da auratayya ba.

Saboda haka harsunan da ke cikin Kaani ba baƙi ba ne a kasuwannin wannan yanki. Hausar da ake ji a Yamai kuma ta fi kusa da karin harshen yamma bisa ga Kananci. Mutumin Kambaza ba ya bukatar tafinta kafin ya gane cewa wannan kiɗan maƙwabta ne.

Dalili na biyu shi ne, ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara ita ce matattarar manyan makaɗan fada. Nan aka yi Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru masu kotso, da Salihu Jankiɗi mai taushi, da Aliyu Ɗandawo wanda ya yi wa fadar Argungu da ta Yawuri kiɗa. Wanda ya tashi da waɗannan a kunnensa ya saba da wani ma'auni mai tsanani: yana sauraron gindin waƙa, yana jiran ɗiya, yana lura da inda jagora ya saki magana 'yan amshi suka cafe, yana kuma neman habaicin da aka ɓoye cikin yabo. Daɗin daɗawa, Gwandu gari ne na malamai da rubutattun waƙoƙin wa'azi, inda ake tambayar waƙa abin da ta ce tun kafin a tambaye ta daɗinta. Irin wannan kunne shi ya fi cancanta a gwada faifan da shi, ba kunnen mai sharhin da bai san kalma ko ɗaya daga cikin abin da ake rerawa ba.

4.0 Batun Harshe: Abin Koyi Daga Japan

Tambayar farko da ke fuskantar duk wata ƙungiyar jita da ba ta ƙasar Turawan Ingilishi ba ita ce, da wane harshe za a rera? A Japan an yi wannan muhawara a fili a farkon shekarun 1970. Ɓangare ɗaya, wanda Yuya Uchida ya fi fice a cikinsa, yana ganin cewa kiɗan rok da Ingilishi aka haife shi, Japananci ba ya hawa kan bugunsa, kuma wanda ke son duniya ta ji shi sai ya rera da Ingilishi. Ƙungiyar da yake ɗaure wa gindi, Flower Travellin' Band, ta fitar da faifanta Satori a 1971 a kan wannan ra'ayi. Ɗaya ɓangaren kuwa ƙungiyar Happy End ce, ta Haruomi Hosono da Eiichi Ohtaki da Shigeru Suzuki da Takashi Matsumoto, wadda ta dage a kan Japananci. Ta fitar da faifanta na biyu, Kazemachi Roman, a watan Nuwamba na 1971, Matsumoto mai buga ganguna shi ya rubuta yawancin baitocin. Bayan shekaru 36, watau a 2007, mujallar Rolling Stone ta Japan ta sa wannan faifai a matsayi na ɗaya cikin fayafayan rok guda 100 da suka fi fice a ƙasar. Lokaci ya yanke hukunci, harshen gida ya yi rinjaye.

Abin da ya sa muhawarar ta shafi manazarcin Hausa shi ne, matsalar ba ta kishin ƙasa kaɗai ba ce, ta ginin harshe ce. Ingilishi harshe ne mai danna wata gaɓa ya sassauta wata, kiɗan rok kuma a kan wannan dannawa aka gina shi. Japananci ba haka yake ba, shi tsawon lokaci yake ƙirgawa, dogon wasali bugu biyu ne, gajere bugu ɗaya. Hausa ma haka take. Tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma a awon waƙa mai nauyi ɗaya tana tsayawa a madadin marasa nauyi biyu. Gaɓar farko ta Gwandu da ta Kambaza duka masu nauyi ne, don sun rufe da baƙi, ba kuwa za a matse su cikin rabin bugu ba sai an ɓata sunan. Bayan wannan Hausa tana da karin sauti, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, wanda ke rarrabe ma'ana. Tun a 1972 Paul Richards ya auna dangantakar karin sautin magana da karin rerawa a wata waƙar Hausa, ya nuna cewa ba kara zube suke tafiya ba. Mawaƙin Hausa ke nan yana da iyayengiji biyu, tsawon gaɓa da karin sauti, duk kiɗan da ya zo kuma dole ya yi musu ladabi.

A nan ne Tal National ta yi abin yabo. Ba ta tsaya muhawara ba, ba ta kuma juya waƙoƙinta zuwa Ingilishi don kamfanin Ingila zai saya ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Bambancinta da Happy End shi ne, su Japanawan harshensu suka lanƙwasa har ya hau kan kiɗan da suka aro daga Amurka, su kuwa mutanen Yamai kayan kiɗan suka lanƙwasa har suka hau kan bugun gida. Hanya ta biyu ta fi aminci ga harshe mai karin sauti.

5.0 Inda Faifan Ya Yi Ƙarfi

Wanda ya saurari Kaani da natsuwa zai lura cewa jitar da ke ciki ba ta yin aikin da jita ke yi a kiɗan Turawa. Ba a kaɗa tsirkiyoyi duka a lokaci ɗaya don a shimfiɗa wa murya tabarma. Tsinkar su ake yi ɗaya-ɗaya, da gajerun jimloli masu maimaituwa, kamar yadda mai gurmi ko mai molo ke yi. Jita ɗaya ta riƙe jimla tana juya ta, wata kuma ta shiga tsakanin ramukan da ta farko ta bari, har su saƙu kamar zaren tsaye da na kwance a masaƙa. Mutumin da ya san yadda Ɗanmaraya Jos ke sarrafa tsirkiya ɗaya ta kuntigi ba zai ji wannan baƙon abu ba, illa dai an ƙara masa wutar lantarki da sauri.

Haka nan gangunan. Akwai jerin gangunan Turawa, amma ba su kaɗai ke riƙe da fage ba, akwai kalangu yana ratsa su. Bugun da ake yawan bi shi ne mai rabuwa uku-uku, wanda kunne zai iya ƙirga shi bibbiyu ko uku-uku a lokaci guda, irin wanda aka saba ji a kiɗan rawa na wannan yanki. Masu sharhi na waje sun yi ta mamakin wannan, har suna kwatanta shi da wani nau'in rok mai sarƙaƙƙen lissafi. A wurin mutumin Kambaza kuwa babu lissafi a ciki, ƙafarsa ta riga ta san inda za ta sauka.

Abu na uku shi ne tsarin murya. Akwai jagora, akwai amshi, kuma jagorancin ba na mutum ɗaya ba ne. Wannan ya saɓa wa al'adar makaɗan fada, inda ƙungiya ke ɗaukar sunan mutum guda, a ce Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, 'yan amshi kuwa su tsufa a bayansa ba a san sunayensu ba. Ƙungiya mai suna nata na kanta, wadda mambobinta ke karɓeɓeniya, sabon tsari ne a wannan yanki, kuma ya dace da ƙasar da harsuna da yawa ke zaune a cikinta.

Dole kuma a yaba wa wanda ya ɗauki sautin. Bai goge shi ya yi sumul ba, bai cika shi da ƙawar na'ura ba. Ana jin makaɗa masu yatsu da gumi, waɗanda dare biyar a mako ya haɗa hannuwansu. Ba a fafe gora ranar tafiya, mako biyun da aka yi ana ɗauka shekaru goma na fage ne suka biya kuɗinsa.

6.0 Inda Faifan Ya Yi Rauni

Rauni na farko ya shafi matsayin magana. A waƙar baka ta Hausa kiɗa bara ne, magana ce uwargijiya. In Narambaɗa zai saki ɗa, kotso yakan rage murya ya ba shi hanya. Mamman Shata yakan bar kalangai su yi ta zagaye wuri ɗaya don kada su janye hankali daga abin da yake faɗa. Kalangu kansa, in ya yi take, magana yake kwaikwaya. A cikin Kaani an juya wannan tsari. Sauri ya yi yawa, jitoci ba sa numfasawa, murya kuma ta zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa maimakon ta zama shugabarsu. Mai rawa ba zai ga laifin haka ba. Amma mai neman azanci, wanda ya saba a jefa masa karin magana a ba shi sarari ya tauna, zai tashi da ƙishirwa. An tsare harshe daga Ingilishi, amma ba a tsare shi daga jita ba.

Rauni na biyu ya shafi fage, kuma ba laifin wannan ƙungiya kaɗai ba ne, ciwon faifai ne tun asali. Faifan garmaho na farko ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti 3 a kowace fuska. Babban faifan da ya biyo baya yana ɗaukar minti 20 da 'yan kai a fuska ɗaya. Kaset ya zo da minti 60 ko 90, faifan sidi kuwa iyakarsa wajen minti 80. Wasan awa biyar minti 300 ne. Ke nan ko da an cika faifai maƙil, abin da ya shiga bai kai sulusin dare ɗaya ba. Abin da ake yankewa kuwa ba kara da kiyashi ba ne. Shi ne lokacin da mawaƙi ke hango wani ya shigo ya ambace shi, ya kira asalinsa, mai kyauta ya taso ya yi liƙi, sanƙira ya yi shela, waƙa ta ƙara ɗa saboda abin da ya faru a take. Wannan ne ya sa Bakandamiyar Shata ba ta da siga guda, kowace rerawa da 'ya'yanta. Faifai yana zaɓen rana ɗaya ya ce ita ce waƙar, sauran ranaku su bi iska. Wanda ya yanke inda waƙa za ta tsaya, ko jagoran ƙungiya ne ko injiniya, ya zama abokin tarayya a ƙaga ta, ko da ba a rubuta haka a bango ba.

Rauni na uku ya shafi waɗanda aka fitar wa faifan. Fitowar 2013 ta mutanen waje ce, kuma yawancin sharhin da aka yi a jaridunsu a kan jita da ganguna ya tsaya. Ba a ce komai mai nauyi a kan turken waƙoƙin ba, balle salon sarrafa harshe. A gwada wannan da fayafayai biyu na kiɗan Hausa da David Ames ya ɗauka a shekarun 1960, waɗanda suka fito cikin jerin kiɗan Afirka na hukumar UNESCO tare da bayanin kowane kiɗa da muhallinsa, sa'an nan shi da Anthony King suka bi su da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Wancan faifan manazarci ne, yana da bayani amma ba shi da kasuwa. Wannan kuwa faifan ɗan kasuwa ne, ya sami masu saye amma ma'ana ta tsaya a bakin iyaka. Happy End ba ta gamu da wannan ba, domin masu sayen faifanta su ne masu jin harshenta.

Akwai kuma batun mallaka. In aka ɗauko tsohuwar waƙar gargajiya aka sa ta a faifai, doka takan san wanda ya tsara ta da kamfanin da ya buga ta, amma ba ta san matan da suka yi ta rera ta a bakin turmi ba. Ba a ce kada a ɗauko ba, don waƙar da ba a rerawa mutuwa take yi. Abin da ake bukata shi ne a riƙa faɗin inda aka ɗebo ruwa.

7.0 Misali Daga Sunan Waƙa Ɗaya

Sunan waƙa ɗaya a faifan ya isa ya nuna girman abin da ke salwanta. An rubuta shi Sarkin Fada. Ga mai saye a Ingila waɗannan haruffa ne kawai. Ga mutumin Kambaza kuwa, tun bai ji waƙar ba sunan ya buɗe masa ƙofofi uku. Ta farko ita ce sarautar Sarkin Fada, watau babban bafade a gidan sarki, inda kalmar fada ke da dogon wasali a gaɓar farko. Ta biyu ita ce fada a ma'anar da samarin Nijar suka ba ta tun daga shekarun 1990, watau majalisar da suke zama a bakin titi suna dafa shayi suna hira, kowace da sunanta da shugabanta. Ta uku kuwa, da yake masu buga bangon faifai ba su cika sa wa baƙaƙe ƙugiya ba, ana iya karanta shi Sarkin Faɗa, da gajeren wasali a farko da dogo a ƙarshe, watau gwanin rigima. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, in kuma aka cire ƙugiya an ƙara rufe ƙofa. Kunne ne kaɗai ke raba gardama, kuma sai kunnen mai harshen.

Ma'ana ta biyu ta fi jan hankali. Kalmar da ta fito daga gidan sarauta ta sauko bakin titi, samari marasa sarauta sun naɗa wa kansu fada. Wannan ita ce tafiyar da kiɗan kansa ya yi, daga ƙofar sarki guda zuwa dandalin da kowa ke biyan kuɗin shiga. Manazarcin da ya tsaya a kan kotso da taushi kaɗai ba zai ga wannan tafiya ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda ƙungiyar da ta girma a fagen Yamai ta shigar da aikinta cikin faifai a 2011, da yadda faifan ya fita duniya a 2013. An ga ya yi ƙarfi wajen riƙe harsunan gida da kuma horar da jita ta bi bugun gida, ya kuwa yi rauni wajen ba magana sarari, da wajen ɗauko rayuwar fage, da wajen isar da ma'ana ga waɗanda suka saye shi. In za a yanke hukunci a taƙaice sai a ce, Kaani faifai ne na ƙwararrun makaɗa, amma bai kai ya zama faifan manyan mawaƙa ba a ma'aunin ƙasar Gwandu.

Sauran aiki yana wuyan sassan koyar da Hausa. Tun daga binciken Ɗandatti Abdulƙadir a kan Shata a 1975, zuwa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau a 1993, an shimfiɗa hanyar nazarin makaɗin da ke da jagora ɗaya da harshe ɗaya da ubangida sananne. Rabe-raben da aka saba da su, watau makaɗan fada da na jama'a da na sana'a da na maza, ba su tanadi gurbin ƙungiya mai jagora fiye da ɗaya da harshe fiye da ɗaya ba, wadda kuma waƙarta ke da siga biyu, ta fage da ta faifai. Ya kamata ɗaliban manyan digiri, musamman na Sakkwato da Birnin Kabi waɗanda ke da Zabarmanci ko Fulatanci a kan Hausarsu, su zauna su rubuta matanin irin waɗannan waƙoƙi da alamun tsawon wasali da karin sauti, su gwada sigar faifai da ta fage, su kuma bi sawun tsofaffin waƙoƙin da aka aro har zuwa garuruwansu. In ba a yi haka ba, nan gaba za a tarar da sautin a ajiye a Ingila, ma'anar kuwa ba ta ajiye a ko'ina. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, fassararta ma a hannun mai harshen ta fi inganci.